Tafarnuwar Ɗakin Inna

Tela ta hau kujera ta rataye wata kitsatstsiyar tafarnuwa a ƙusar da ke saman gadon uwar mijinta. Inna na kwance tana binta da ido. Tun da shanyewar jiki ta kama ta, baki ya rufe, hannu da ƙafa suka mutu.

Mijin Tela ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yan Inna mata kuwa suna aure a nesa, sai waya. Kowa ya ɗauka Tela za ta kwashe keken ɗinkinta ta koma gidansu. Sai ta zauna, ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce ba da kunu da cokali.

A wannan shekarar ta fara shukar. Ta jera tsofaffin bokitai a bayan gida, ta huda gindinsu, ta cika da ƙasa da taki. Akwai fara mai manyan ƙwayoyi, akwai mai jan ɓawo, akwai wata 'yar ƙarama da ta yi tafiyar yini guda kafin ta samo irinta, don an ce duk ta fi su ƙarfi. Ganye na yin rawaya ta tone, ta kakkaɓe ƙasar, ta kitse su kamar gashin yarinya. Ko ɗaya ba ta sayarwa, kuma ba ta faye sa ta a miya ba.

Ma'aikaciyar jinya da ke leƙowa ta tsaya a bakin ƙofa tana yamutsa fuska.

"Yaya, ba ki da wani wurin ajiya?"

"Ɗakin nan ne babu danshi. Kuma Inna ta san tafarnuwa, tana tuna mata da da."

"To, haka ne. Masu irin ciwon nan, hancinsu na nan garau. Ga shi ma har hawaye take yi."

"Kullum haka take," in ji Tela, tana share mata fuska da gefen mayafi.

Maƙwabta suka yi ta sa mata albarka. Wata ta ce ko 'yar cikinka sai an tona kafin a samu irinta.

Da ma'aikaciyar ta tafi, Tela ta ja tagar da aka buɗe ta rufe, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ta ɓare ƙwaya ɗaya ta ƙaramar, ta murje ta da babban yatsa, ta shafe matashin kai da ita. Maƙogwaron Inna ya fara motsi, idanunta suka firfito.

Tela ta gyara mata bargo, ta sunkuya daidai kunnenta.

"Yi haƙuri, Inna. Ni ce dai 'yar mai tallan tafarnuwar nan, wadda kika ce warinta na sa ki amai, kika hana ta zama kusa da ke, kika ware mata kwano a bayan gida. Yanzu ga ni, ga ki."