Ajin Da Bai Jira Ni Ba

Ranar da Farfesa mai kula da digirina zai duba ajina a Zurmi, motar mata ba ta cika a Ƙaura ba sai da hantsi ya dubi ludayi. An hana mu mata hawa babur ɗin kabu-kabu, na yi ta kai-komo a tasha.

Farfesa ya daɗe yana yi wa bincikena dariya, wai ina 'yan matan ƙauye za su koya wa kansu Turanci? In ya tarar da aji ba malama, digirina ya tafi.

Na iso ina haki. Yana zaune a bencin baya, ɗalibaina suna ta muhawara da Turanci. Na yi sallama, ɗaya ta ɗago.

"Malama, ɗan jira waje, mun kusa ƙarewa."

Aka kore ni daga ajina. Na fita ina taƙama.