Addu'ar Abbu Ta Tsaya a Baki

Tauƙir Bhatti yana da shagon ɗaukar bidiyon biki a Faisalabad ta ƙasar Pakistan, kuma ba abin da yake tinƙaho da shi kamar 'yar manhajar da ya rubuta da kansa. Masu kyamara kan ɗora bidiyo a ma'ajiyar intanet daga wurin biki, ita kuma ta sauko da shi cikin kwamfutar shago, ta nuna koriyar alama, sannan ta goge na ma'ajiyar don a sami wuri.

Ustad Riyaz, dattijon mai kyamararsa, ya sha yi masa magana. "Kai ɗan nan, sau nawa ake ɗauke wuta a yini? Kowane fayil yana da lambar tantancewa kamar zanen yatsa. Sa abar nan taka ta gwada na shago da na asali kafin ta goge."

"Ustad ji," in ji Tauƙir, da 'ji' ɗin da suke ƙara wa sunan babba don girmamawa, "kai zamanin kaset ka sani. In kore ya fito, magana ta ƙare."

Wata guda bayan bikinta, wata amarya mai suna Mehwish ta shigo shagon, ido ya kumbura. Mahaifinta ya rasu makon jiya.

"Bhai, ɗan'uwana, ba rawa na zo gani ba," in ji ta. "Wurin rakiyar amarya kawai, lokacin da Abbu ya riƙe min Alƙur'ani a saman kai zuwa mota. Ya yi min addu'a a kunne, kuka ya hana ni ji. An maƙala masa abin ɗaukar magana a riga, na san ta shiga."

Tauƙir ya buɗe fayil ɗin da murmushinsa. Ga tsohon nan ya sunkuyo, ya buɗe baki, sai hoton ya tsaya cak.

Ya sake kunnawa, nan ya sake tsayawa. Ya duba girman fayil ɗin, ko rabi bai kai ba. Ashe ana tsakiyar saukewa wuta ta ɗauke, manhajar kuwa sunan fayil kawai ta gani ta ce an gama. Ya garzaya ma'ajiyar intanet, wayam. Nan take ya kira Ustad Riyaz.

"Ustad ji, don Allah katin kyamarar nan fa?"

"Biki huɗu aka ɗora a kansa. Kai ka ce a goge."

Tauƙir ya gwada wannan, ya gwada wancan, ya kira duk wani masani da yake da lambarsa, abu ya gagara.

"Baji, 'yar'uwata, ki yafe min," ya ce.

Ba ta ko kalle shi ba. Ta matso da kujera, ta ɗora yatsa a kan leɓen mahaifinta a allon. "Sake mayar min baya. Ko daga motsin bakinsa zan gane."

Mai karatu, koriyar alama ba shaida ba ce. Duk abin da na'ura ta sauko maka da shi, ka tantance shi da na asali kafin ka goge, domin wani abin in ya tafi ba ya dawowa.