Furannin da Tela Ya Huda

Ranar da Malama ta kama mijinta da maguɗi, ita ce ma ke kan gaba da maki goma sha ɗaya.

Wasan ba wani abin a zo a gani ba ne. Autarsu ce ta kawo musu shi a ɗan akwatin kwali, shekarar da Malama ta ajiye alli. Kowa da allonsa mai hoton tulu, sai ƙananan katuna masu kauri, kowane da fure ɗaya: ja, rawaya, fari ko shuɗi. Ana jera su a kife a tsakiyar tebur, mutum ya ɗauki uku daga sama, ya saka biyu a tulunsa, ya miƙa wa abokin wasansa ɗaya. Launi ɗaya kada ya zauna kusa da ɗan'uwansa. Iyakar dokar ke nan, amma ta ishi mata da miji musu har shayi ya huce.

Shekara shida suna yi, kullum ƙarfe huɗu, a teburin bakin taga. Tela, kamar yadda take kiransa, gwani ne. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana haɗa zare da yadi, ai fure ba zai ba shi wuya ba. Yakan cinye ta, ya kuma tsokane ta da cewa tulunta kamar jerin 'yan aji, kowa ya yi tsit.

Sai a bara ya sauya. Ya rufe shago, wai ciwon baya ya matsa masa. Takardar maki da yake riƙewa ya tura mata, wai rubutunta ya fi kyau. Wasa ya yi masa nauyi, sai ya riƙe kati ya yi ta murza shi da babban yatsa kamar mai gwada yadi. Idan tana magana, idonsa na can gefen kunnenta. Ta yi sabon ɗinki, kore shar, ya ce shuɗin ya karɓe ta. Abin ya ci mata rai, ta ce a ranta shekara arba'in da aure ce ta sa ya daina kallonta.

Ran nan ya miƙo mata farin fure, yatsanta ya ji kaushi. Ta kai katin bakin taga. Huda uku, ƙanana, a tsakiyar furen. Ta ɗauki ja, huda ɗaya. Rawaya, biyu. Aikin allura ne, mai tsabta, kuma mutum ɗaya ne mai irin wannan hannun a gidan.

Shekara talatin Malama ta yi tana tsaron jarrabawa. Ta ciro amsa daga safa, daga murfin biro, daga tafin hannu, kuma ba ta taɓa tsayawa jin bayanin wanda ta kama ba.

"A kan fure, Tela? Furen kwali?" ta ce. "In ni za ka cuta a nan, a ina kuma ka bar ni?"

Ya laluba ya tattara katunan gabansa ya tura mata.

"Ki yi haƙuri, Malama," ya ce.

Da ya yi musu, da ta huce a ranar. Haƙurin nan ne ya ƙona ta. Ta rufe akwatin ta ɗora a kan kabad.

Bai fasa zama a teburin ba. Ƙarfe huɗu na yi zai ja kujerarsa, ya fuskanci taga, hannuwansa a kan katako. Sau biyu yana tambaya ko za a sauko da furannin. Ta ce sai ya faɗa mata dalili. Ita ma tana kewar wasan kamar me, har ta yanke a ranta cewa in ya tambaya na uku za ta sauko da shi.

Bai tambaya ba. Sati bakwai bayan nan zuciyarsa ta tsaya, da safe, yana ɗaura agogo.

Auta ta dawo gidan don kada uwar ta zauna ita kaɗai. Wata yamma ta hango akwatin, ta sauko da shi, ta kaɗe ƙura. Malama ta so ta hana, sai kuma ta zauna. Ta daɗe tana son wani ya ji abin da ya tsaya mata a wuya, don haka ta faɗa wa 'yar komai, ta miƙa mata farin furen.

Auta ta juya katin gaba da baya. Ta ɗauki wani, ta sake juyawa.

"Mama, bayan katin ai sumul yake," ta ce. "A kife ake ɗauka. Mai maguɗi bayan kati zai yi wa alama, don ya san abin da ke zuwa. Wannan sai kati ya shigo hannunka ka buɗe shi za ka ji ta. To me za ta gaya maka da ba ka riga ka gani ba?"

Malama ta matso da akwatin gabanta. Ta jawo katuna uku, ta rufe idonta, ta ɗora babban yatsa a kan na farko ta murza, yadda ta ga ana yi a gabanta kullum. Ɗaya, ja. Ta murza na biyu. Biyu, rawaya.

Ba ta kai ga na uku ba kuka ya ƙwace mata. Shekara guda cur Tela yana zaune a gabanta idonsa na mutuwa, yana karanta furannin da yatsa don kada ta sani ta rasa abokin wasa, ita kuwa ta ɗauke masa su ta ɗora a kan kabad.