Ranar da Aka Ba Auta Yara

Direba bai gama tsayawa a ƙofar gidan namun daji ba yaran suka fara zubowa daga motar kamar an buɗe wa kaji akurki. Auta ta diro tana ƙwala musu kira, jaka a kafaɗa, takalmin wani a hannu.

Yau ce ranarta. Tun lokacin da ta manta da ɗan Yaya a shagon aski, ta dawo gida ita kaɗai tana cin gyaɗa, ba wanda ya sake ba ta ko riƙon jariri. Sai da ta yi ta magiya kafin Yaya ta yarda ta fita da yaran gidan, nata da na 'yan'uwa, amma da sharaɗi: in yaro ɗaya ya ɓace mata, ko na ƙiftawar ido ne, to ita da fita da su har abada. Ita kuwa Auta, duk shiriritarta, ba abin da take so a duniya kamar yaran nan.

"Har da ɗan yayanmu Likita, jiya suka iso," Yaya ta faɗa mata a waya. "Ki lallaɓa shi, ba ya sakewa da mutane."

Rabon Auta da yaron tun yana zanen goyo. Da ta zo ɗaukarsu kuma ta makara, ko cikin gida ba ta leƙa ba. Direba ya danna oda, yara suka yi rububin shiga, aka tafi.

Amma ta zo da dabararta. A bakin ƙofa, cikin cunkoson jama'a, ta sayi jajayen huluna, ta bi kawunan da suka kewaye ta tana kifa wa kowa tasa. Ta ƙarshen ta sauka a kan wani ɗan mitsitsin yaro mai shuɗiyar riga da ke tsaye yana tsotson yatsa. Ta ƙirga huluna, lissafi ya cika cif.

"Kai ne ɗan Likita? Tubarkalla! Hancin babanka sak."

Yaron ya zuba mata ido kawai.

Rigima, 'yar Yaya, da taubashinta Gajere ne manya a cikin yaran. Kullum cikin faɗa suke, amma in ka raba su kuka za su yi. Yau sai ga su sun haɗa kai: ɗaya ya kama hannun dama na yaron, ɗaya na hagu, suka raɗa masa suna Shiru. Gajere da ko ƙanensa ba ya sam wa biskit, shi ne ya ɓare nasa ya ba shi rabi. Auta ta ji daɗi har cikin ranta. Jini ba wasa ba ne.

A wajen birai Shiru ya zame ya nufi ƙofa da gudu. Auta ta zabura. Ta watsar da jaka ta bi shi, ta cafko shi dab da kejin jimina.

"Mama," in ji shi.

"Mama na hutawa. Yau ni ce Mama."

Askirim ya kashe maganar. A wajen kada ya sake gwadawa, ta sake kamo shi. Daga nan ta ce ba da ita ba: ta goya shi, ta lulluɓa masa gyale saboda rana, nan da nan ya yi barci.

Ana cikin kallon zaki, wanda ya ƙi ko ɗaga kai duk ihun da yara suke masa, lasifika ta fara cigiyar wani yaro da ya ɓace tun safe, mai shuɗiyar riga, kansa ba hula. Wani bawan Allah ya wuce su a guje, gumi sharkaf, yana leƙa fuskokin yara. Tausayinsa ya kama Auta, sai dai ba ta iya riƙe bakinta ba.

"Wasu iyayen dai sai a hankali," ta ce wa matar da ke kusa da ita, tana gyara goyonta. "Yaro ai ido ake sa masa, baiwar Allah."

Da rana ta yi sanyi suka fito. Ba wanda ya ɓace, ba wanda ya ƙuje, sai Gajere da ya ɓata wandonsa da askirim. Wajen shiga mota direba ya yi ta ƙunƙuni wai ɗazu ba haka suka matsu ba. Auta ta ce ai ɗazu ba su ci komai ba.

Rigima ta ja mata riga, ta yi ƙasa da murya.

"Anti, da Shiru za mu tafi gida?"

"To da wa zan bar wa shi? Birai?"

Motar ta kaure da shewa. Gajere har da tafi, ya ce a katifarsa Shiru zai kwana, Rigima ta ce ƙarya ne ita ta fara ganinsa, faɗa ya dawo sabo.

Sun shigo layinsu ke nan wayarta ta yi ƙara. Yaya ce. Auta ta gyara zama, ta shafa kan Shiru da ke kwance a jikinta.

"Ga mu nan a ƙofa, Yaya, kowa lafiya lau, ki fito ki duba da idonki. Ɗan Likita ne ma ya so ya ba ni wahala, amma yanzu ni da shi sai Allah."

Yaya ta katse ta.

"Wane ɗan Likitan? Ga shi nan a cinyata tun safe, zazzaɓi ya hana shi bin ku."