Kogi a Tsakiyar Dara

Ga misali ga duk wanda ya taɓa riƙe rigar mai shirin tafiya. An yi wani maginin tukwane da abokinsa masaƙi, baƙo daga wani gari a ƙetaren gulbi. Shekara ashirin suna dara a gindin tsamiya bayan la'asar, magini da tsakuwa, masaƙi da tsinke. Da ciwon ƙirji ya ci ƙarfin masaƙi, sai ya ce, "Mu buga ta ƙarshe. In ta tashi zan koma gida, ƙanwata ta ba ni ruwa da hannunta kafin ta Allah ta kasance." Shi kuwa mutum ne da bai taɓa tashi ya bar dara ba a gama ba, magini kuma ya san haka. Sai magini ya tuna wani wasa da ya taɓa gani wurin fatake, mai sarki da doki da giwa. Ya kwaɓa yumɓu ya gina wa kowannensu sarki kamar babban yatsa, da 'yan baka, da jirage kamar ɓawon gyaɗa. Ya ja kogi da yatsa ta tsakiyar ramukan, ya tara ƙasa a gefe ya ce tsauni ne. Ya kafa doka: mai ƙetare kogi sai ya kwana a bakinsa, wanda ya hau tsauni ba a cinsa sai an kewaye shi, kowace yamma kuma a watsa kuɗin wuri guda huɗu, in sun kife an yi ruwa, runduna ba ta motsi. Masaƙi ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Kai mai tukwane, dara ce wannan ko ƙasa ka kafa?" Amma ya gyara zama.

Wasa ya yi daɗi kamar barcin hantsi. Inuwa tana rarrafe a kan rundunonin, ganyen tsamiya yana faɗawa cikin kogin, tururuwa suna ratsa sansani a jere, har magini yakan ji kamar ana kiɗa can nesa, a ƙarƙashin yashi. Ran da sarkinsa ya shiga tarko, sai ya ƙaro daji ko ganuwa. Ran da ya ga hanyar cin abokinsa, sai ya kau da ido. A ganinsa kwana yake ƙara masa. Rani ya wuce, bazara ta wuce, damina ta sauka, gulbi na gaske ya kawo ya rufe hanya. Wata safiya masaƙi bai tashi ba. Aka binne shi a garin da babu wanda ya san sunan mahaifiyarsa, ƙanwarsa ma ba ta ji ba sai da ruwa ya janye. Magini ya dawo daga maƙabarta ya tarar an yi yayyafi, ranar kuma bai kife wa wasan kasko kamar yadda ya saba ba, sarakunan biyu sun narke sun zama laka ɗaya. Ya tsuguna a nan har inuwa ta juya. Bai ƙara wa abokinsa ko yini guda ba. 'Yan kwanakin da suka rage ne ya kwashe daga hannun mai su.

Shi ya sa Hausawa suka ce, komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo.