Katangar Alhaji Zailani

Jummai mai wankau ce ta fara kawo mini labarin, wai wata yarinya mai zane-zane daga Jos ta roƙi Alhaji Zailani aron katangarsa.

Katangar nan kowa a Kusfa ya san ta. Shekara ashirin da shida ke nan da Alhaji ya turo ta cikin lungunmu don awakinsa su wala, ta cinye rabin hanya. An yi roƙo, an kai ƙara, ya ce ko taku ɗaya ba za ta matsa ba. Mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da bango.

Yarinyar, Su'ad sunanta, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi. Ta ce irin aikinta jama'a ke yin sa. Duk wanda ya zo zai ɓamɓari ƙasar katangar cikin tafi ɗaya, ya jiƙa, ya mulmula abin da ransa ke so, a kai baje koli da sunan mai katanga a sama.

"Tafi ɗaya?" in ji Alhaji. "Su ɗiba mana. Susa ce suka yi mata."

Shi ya fara ɗiba, yana wa kyamara murmushi. Su'ad ta ja layi da alli, ba ta tambayi kowa inda tsohuwar iyaka take ba.

Ranar farko ɗalibai ne. Rana ta biyu 'yan unguwa suka ji. Wanda bai taɓa gina ko kasko ba ya zo da fartanya. Matan aure suka aiko da kwanuka. Wani tsoho sau bakwai yana dawowa, kowane zuwa tafi ɗaya. Aka mulmula tsuntsaye, raƙuma, 'yan tukwane.

Ranar Alhamis haske ya ɓullo ta tsakiyar katanga. Alhaji ya fito da gudu zai hana, sai ya tarar da mai unguwa da 'yan rediyo.

"Allah ya saka wa Alhaji," in ji mai unguwa a lasifika. "Ya mayar wa Musulmi hanyarsu!"

Aka shafa. Shi ma ya shafa. To, da wane ido zai sake gini?

Washegari da safe na sa aka ɗauko makarar masallaci aka bi lungun da ita, ba kowa a ciki. Ta wuce sambal, ina riƙe da hannun jikata Su'ad, a daidai inda shekarun baya aka karkata ta saboda ƙuncin hanya, gawar ubanta ta zame ƙasa.