Ɗan'azumi da Sarakunan Ingila

Fatihu na tsaye a layin kedai, wato kantin da ke ƙasan benensu a unguwar Wangsa Maju, can ƙasar 'yan Malay, takunkumi a fuska, yana jiran a auna zafin jikinsa, sai wayarsa ta girgiza. Tun kafin ya duba ya san ko wane ne.

"Malam, mata biyu Henry na Takwas ya sa aka fille wa kai, ba uku ba. A gyara." A sama an rubuta: Ɗan'azumi.

Wata na biyu ke nan da kullen annoba. An rufe jami'a, an rufe laburare, digirinsa na uku a fannin tarihi ya tsaya cik. Don kada zaman ɗaki ya haukata shi, ya fara naɗar labarin sarakunan Ingila da na Turai da Hausa, minti goma-goma, yana ɗorawa a shafinsa na Facebook. Mutane suka so abin. Har Malam Kalilu, mai shirya shirye-shirye a wani gidan rediyo a Kaduna, ya kira shi ya ce suna duba yiwuwar ba shi fili duk mako.

Daga nan Ɗan'azumi ya ɓullo. Ba hoto a shafinsa, ba abokai, ba garin da ya ce nan yake. Ba ya zagi, ba ya yabo. Layi biyu zai rubuta ya tafi. A 1649 aka kashe Charles na Ɗaya, ba 1659 ba. Ba rana ɗaya aka kashe Marie Antoinette da mijinta ba, akwai wata tara tsakani. Abin da ya fi ƙona wa Fatihu rai, duk wanda ya koma ya bincika sai ya tarar haka ne. Kuma kamar da gayya, sai ya fito sayayya hannunsa cike da leda saƙon ke shigowa.

Ya toshe shi. Washegari aka dawo da suna Ɗan'azumi Biyu.

Ya zargi Levi, wani ɗan Jos da ke karatu a unguwar Titiwangsa, har ya kira shi. Levi ya yi ta dariya. "Oga, ni ko shekarar haihuwar babana ban riƙe ba, ina ni ina Charles?"

Matar Fatihu, Sharifa, ita ke shan ƙorafin. Gidan ɗaki ɗaya ne da falo, kuma doka ta ce mutum ɗaya ke fita cefane, don haka tun watan Maris ba ta taka ƙasa ba. In zai yi naɗi ya shige ɗaki ya turo ƙofa, ita kuma ta kashe fanka ta zauna shiru kusa da tarin littattafansa, waɗanda takan daɗe tana kakkaɓewa. Sau ɗaya, a farkon shirin, ta fara cewa wani abu game da matan Henry. Ya ce mata shekara goma sha ɗaya ya yi yana karanta wannan fanni, ta bar shi ya ji da aikinsa. Ba ta ƙara ba.

"Mutumin nan so yake ya ga bayana," ya ce mata ranar da saƙon matan Henry ya zo, ya ajiye shinkafar da ya yo musu tapau, wato ya sayo a ƙunshe.

"Ko dai ka riƙa sake saurara kafin ka ɗora, Malam?"

"Ke ma kin bi bayansa ke nan."

Ta ɗauko faranti.

Ranar Laraba Malam Kalilu ya sake kira, muryarsa ba kamar da ba. Ya ce shirin na da daɗi, amma manajansu na karanta abin da ake rubutawa a ƙasa. Za su saurari na ranar Asabar. In aka sake samun kuskure, manaja ya ce a nemo shi wannan Ɗan'azumin a yi magana da shi.

Kwana uku Fatihu ya yi a kan labarin Mary, sarauniyar Scotland. Ya bi kowace shekara sau biyu, ya rubuta sunaye da manyan baƙaƙe ya manna a bango. Asabar da safe ya yi naɗin a zama ɗaya, ya sa sanarwa a shafi cewa shirin yau ya fito, ya danna ɗorawa, ya saka wayar a aljihu.

"Na sa," ya ce wa Sharifa yana ɗaura takunkumi. "Yau ya zo ya gyara mu gani."

Mutum huɗu suka rage a gabansa a layi lokacin da aljihunsa ya girgiza. Saƙon na ƙarƙashin sanarwar.

"Malam, wajen ƙarshe ka ce Mary yayar Elizabeth ce. Ba yayarta ba ce. Kakar Mary ce yayar mahaifin Elizabeth. Ka yi sauri ka cire kafin Kaduna su ji."

Gumi ya karyo masa a cikin takunkumin. Ya tuna wurin, tuntuɓen harshe ne, kalma ɗaya tak. Ya fita daga layin, mai gadi na yi masa magana da Malay bai ko waiwaya ba. Kwana uku na aiki, ga kuma ɗan banzan nan har ya san da maganar Kaduna. Ya buɗe shafin don ya goge shirin ya koma ya sake naɗa.

Babu shirin a shafin. Ya duba sama, ya duba ƙasa, sannan ya ga ɗan jan rubutu a gefen fayil ɗin: ba a ɗora ba, a sake gwadawa. Tun a cikin lif sabis ya yanke. Fayil ɗin bai bar wayarsa ba.

Duk duniya mutum ɗaya ne ya ji wannan shirin, ta bayan ƙofar ɗaki, kuma yanzu haka tana hawa na goma sha huɗu da wayarta a hannu: Sharifa.